Daga Kumatunka Zuwa Ƙwaryar Kindirmo: Yadda Za Ka Fara Gane Bakteriya a Ƙarƙashin Madubi

Kalmar da ta fi wahalar da sabon ɗalibi a ɗakin gwaji daga gida yake zuwa da ita: ƙwayar cuta. Da ita muke kiran abin da ke kawo sanƙarau, da na zazzaɓin cizon sauro, da na ƙyanda, da na makeron da ke cin kan yaro. A bakin asibiti wannan suna ya wadatar. A kan teburin gwaji kuwa, huɗun nan kowanne gidansu daban: na farko bakteriya ne, na biyu furotozowa, na uku bairos, na huɗu fangas. Maganin da zai kashe ɗaya, ɗayan ko gezau. Kuma yawancin ƙananan halittun nan babu ruwansu da cuta. Su ne ke nunar da kalwa ta zama daddawa, su ke tsinka madara ta zama kindirmo, su ke kumbura ƙullin burodi, su ne kuma ke cikin 'yan ƙululun saiwar wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Na ga ɗalibai da yawa daga Jega da Aliero da nan Birnin Kebbi sun zo sanin makamar aiki da zanen bakteriya a ka, sun haddace sunan kowane sashe, amma in ka ɗora musu gilashi a kan madubin maikroskop sai su rasa inda za su duba. Shi ya sa na tsara wannan jagora ta bi hannu da ido tukuna, sunaye su biyo baya.

Mataki na ɗaya: daidaita girma a kanka

Ma'aunin wannan fage shi ne maikromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Bakteriyar hanji da ake kira Escherichia coli tsawonta wajen maikromita 2 ne. Jar ƙwayar jini tana da faɗin 7 zuwa 8. Bairos da yawa ba su wuce 0.1 ba.

Lambobi ba sa zama a kai, don haka ka ninka komai sau 1,000. Bakteriya ta zama ƙwayar gero. Jar ƙwayar jini ta zama wake. Silin gashin kanka ya yi kaurin taɓarya. Bairos kuwa ƙurar gari ce da ta maƙale a gefen turmi. Madubin da ke amfani da haske, wanda muke kira maikroskop, ba ya iya rarrabe abin da ya gaza maikromita 0.2, saboda haka duk ɗalibin da ya ce maka ya ga bairos a cikinsa, datti ya gani.

Mataki na biyu: ga iri biyun a gilashi ɗaya

Duk mai rai an gina shi da sel, wato tantanin halitta. Baturen Ingila Robert Hooke ne ya raɗa sunan a 1665, da ya duba ɓawon itace ya ga 'yan ɗakuna jere. Sel iri biyu ne, kuma ba sai ka je nesa ba kafin ka gan su tare: suna cikin bakinka.

Ka samu gilashin silayid mai tsabta, da tsinken sakace sabo, da shuɗin rinin metilin bulu. Ka kankari cikin kumatunka a hankali da gefen tsinken, ba da tsininsa ba. Ka ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a gilashi, ka juya tsinken a ciki, ka baza shi ya yi faɗin ƙumbar babban yatsa. Bar shi ya bushe da kansa. Ka ratsa gilashin ta cikin harshen wutar fitilar sifirit sau biyu ko uku da sauri, shafin yana sama. In ka taɓa shi a bayan hannunka ya ƙona ka, ka dafa samfurin, sake wani. Zuba rinin ya yi minti ɗaya, ɗauraye da siririn ruwa, tsane da takarda ba tare da gogewa ba.

Fara da ruwan tabarau mai lamba 10, ka nemo wurin, ka koma 40. Za ka ga wasu manyan faifai marasa tsari, kamar gurasar da aka yaga gefenta, kowanne da ɗigo mai duhu a tsakiya. Faifan sel ɗinka ne, ɗigon kuma cibiyarsa ce, niyukiliyas, ɗakin da aka kulle kundin gado na DNA a ciki. Yanzu ɗiga man madubi ɗigo ɗaya, ka juyo lamba 100. Tare da 10 na wajen ido, girman ya ninku sau 1,000. A kan faifan nan da gefensa za ka ga 'yan ɗige-ɗige da 'yan sanduna birjik, kamar tururuwa a kan tabarma. Su ne bakteriya. Mutumin Holan ɗin nan mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, a 1683 ya kankari haƙoransa ya ga irinsu suna motsi. Asuwaki da buroshi suna rage su, ba sa ƙarar da su.

Abin da ka gani shi ne rabon farko. Sel mai cibiya ana kiransa yukariyot: naka, na shanu, na shinkafa, na fangas, na Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Gida ne mai ɗakuna, da turakar DNA, da maitokondiriya masu samar da kuzari. Sel marar cibiya shi ne furokariyot: ɗaki ɗaya tal kamar shagon gwauro, tukunya da shimfiɗa da kuɗi duk wuri guda. DNA ɗinsa zobe ɗaya ne a dunƙule a wani gefe, babu bangon da ya raba shi da sauran kaya. Bakteriya suna nan, haka ma akiya, waɗanda Carl Woese ya ware su a matsayin reshe mai zaman kansa a 1977. Akiya za su fito maka a jarrabawa, ba za su fito maka a samfurin marar lafiya ba.

Bairos ba ya cikin ko ɗaya. Ba sel ba ne, kundin gado ne a cikin kwanson furotin, ba ya ci, ba ya haihuwa sai ya shiga sel ɗin wani ya ƙwace masa kayan aiki. Tsargiya kuma, wadda ta addabi yara masu wanka a kogi da masu aikin fadama a wajejen Yawuri da Argungu, tsutsa ce mai sel da yawa. Ƙwanta muke nema a fitsari, mai ƙaya ɗaya a ƙarshe.

Mataki na uku: koyi siffa da zama

Siffofin bakteriya ba su da yawa. Akwai kewayayyu, kokai. Akwai sanduna, basilai. Akwai lanƙwasassu kamar waƙafi, irin Vibrio cholerae mai kawo kwalara, da murɗaɗɗu kamar igiya. Abin da ɗalibai ke mantawa shi ne yadda suke zama. Staphylococcus curi-curi yake kamar nonon inabi. Streptococcus jere yake kamar carbi. Neisseria biyu-biyu, kamar ƙwayar wake biyu da suka fuskanci juna. Rahoton da ya ce "an ga kokai" kawai, rabin rahoto ne.

Mataki na huɗu: rinin Gram

Nan za mu daɗe, domin duk wanda hannunsa ya faɗa a wannan rini ya samu rabin sana'ar. Likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, har yau kuma babu ɗakin gwajin da ya ajiye shi.

Samfurin koyo mafi aminci a wajenmu shi ne kindirmo. Ka ɗebi kaɗan daga ƙasan maiƙon, ka sirka da ruwa mai tsabta har ya yi fari-fari kamar ruwan wankin ƙwarya. Kuskuren kowa na farko shi ne kauri. Shafi mai kyau, in ya bushe, kana iya karanta rubutun jarida ta cikinsa. Ka busar, ka ratsa ta wuta kamar ɗazu, ka rubuta alama da fensir a gefe don ka san fuskar da shafin yake.

Ɗora gilashin a kan sanduna biyu bisa kwatami, ka bi wannan jeri:

1. Zuba kiristal bayolet ya rufe shafin. Minti 1. Ɗauraye.
2. Zuba aidin na Gram. Minti 1. Ɗauraye.
3. Karkata gilashin ka zuba mai wanke rini. In asiton ne, daƙiƙa 2 zuwa 3. In giyar sifirit ce mai ƙarfin kashi 95, daƙiƙa 10 zuwa 20, har ruwan da ke gangarowa ya daina launi. Ɗauraye nan take.
4. Zuba safranin, daƙiƙa 30 zuwa minti 1. Ɗauraye, tsane, bar shi ya bushe sarai kafin mai.

Na ukun shi ne wurin mutuwa. Lokacin da nake koyo, a wani ɗakin gwaji, na zuba asiton sai wani ya leƙo ta taga yana sallama. Na amsa, na tambayi mutanen gida, na juyo na ɗauraye. Komai ya fito ja. Na rubuta sakamako da murnata na kai wa shugabanmu. Ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Malam, curin inabi ne wannan, yaushe ka taɓa ganin ya yi ja?" Tun ranar ba na amsa sallama da asiton a hannu. Kai ma ka ajiye ruwan ɗauraya a hannun hagu kafin ka ɗauki kwalbar da dama.

A kindirmon za ka ga sanduna masu launin shuɗi-baƙi mai ratsin jan algashi, wato launin makuba, da kokai jere kamar carbi, wani lokaci da manyan ƙwayoyi masu siffar ƙwai da ɗan tsiro a gefe. Manyan yis ne, fangas mai sel ɗaya, girmansa kaɗai ya isa ya tona shi. Waɗanda suka riƙe rinin farko su ne Gram-fozitib. Waɗanda suka sake shi suka ɗauki ja su ne Gram-negatib. In ɗakin gwajinku yana da Staphylococcus aureus da Escherichia coli a ajiye, ka shafa su a gefe biyu na gilashi ɗaya ka rina tare. Na farko ya fito makuba, na biyu ja. In ba haka ba, laifin hannunka ne ko na rinin. Kuma ka yi amfani da shuka, wato bakteriyar da aka raina a kan abincinta a ɗakin gwaji, mai awa 18 zuwa 24, domin tsohuwar shuka bangonta ya fara lalacewa, tana sakin rini ko da Gram-fozitib ce.

Me ya raba launin? Bango. A wajen siririyar fatar sel, bakteriya na da raga mai ƙarfi da ake kira feftidogilaikan, saƙar sukari da guntayen furotin. Ita ke ba ta siffa, ita ke hana ta fashewa in ruwa ya shige ta. Ta Gram-fozitib katanga ce ta tubali mai kauri, hawa-hawa. Aidin yana haɗuwa da rinin farko su dunƙule su yi girma, sifirit kuma ya tsotse ruwan katangar ta tsuke, dunƙulen ya rasa ƙofar fita. Ta Gram-negatib zana ce siririya, amma an lulluɓe ta da wata fata ta waje mai maiƙo. Sifirit na narkar da maiƙon, zanar ba ta iya riƙe komai, rini ya zube. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san ba kowane yadi ke kama baba daidai ba.

Fatar wajen nan ba ado ba ce. Tana tare wasu magunguna, kuma tana ɗauke da guba, endotoksin, wadda in ta yi yawa a jini take kawo zazzaɓi mai zafi da faɗuwar hawan jini.

Akwai masu ƙin rinin gaba ɗaya. Mycobacterium tuberculosis, mai kawo tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana a 1882, bangonta cike yake da wani abu kamar kakin zuma. Dole a ɗumama jan rinin kabol fuksin har ya yi tururi kafin ya shiga, in ya shiga kuma ko asid ba ya fitar da shi. Wannan ne rinin Ziehl-Neelsen, inda ake ganin jajayen sanduna a kan shuɗin fili. Majinar mai tari ba samfurin koyo ba ce, kada ka buɗe ta sai a wurin da aka tanada kuma da mai kula da kai.

Mataki na biyar: bi sassan daga waje zuwa ciki, kowanne da aikinsa

Kafsul riga ce mai yauƙi a wajen bango, galibi ta sukari. Fararen ƙwayoyin jini suna son haɗiye bakteriya, rigar na sa ta sulɓe musu kamar tarwaɗa a hannu. Mutanen Kebbi da Zamfara sun san aikin wannan riga ko da ba su san sunanta ba. Neisseria meningitidis, mai kawo sanƙarau a watannin zafi, da rigarta ake raba ta rukuni-rukuni: A, B, C, W, X, Y. Rigakafin MenAfriVac da aka fara yi a Najeriya a 2011 rukunin A ya nufa, ya kuma karya shi. Sai C ya taso. Ya ɓarke a Kebbi da Sakkwato a 2015, sannan a ƙarshen 2016 ya fara a Zamfara ya bazu cikin 2017. Jiki ya koyi gane riga ɗaya, ɓarawo ya dawo da wata. Shi ya sa rigakafin Men5CV, wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024, ya haɗa rukuni biyar: A, C, W, Y da X.

In aka kawo ruwan laka daga gadon bayan marar lafiya, ya zo da gurɓi maimakon garau, rinin Gram na iya ba likita haske cikin mintuna. Jajayen wake biyu-biyu a cikin fararen ƙwayoyin jini, Neisseria ce ake zargi. Biyu-biyu masu launin makuba da ɗan tsini, Streptococcus pneumoniae. Kada a sa wannan ruwa a firij, sanyi na kashe Neisseria kafin a shuka ta.

Filajela wutsiya ce mai juyawa kamar farfela. Vibrio cholerae guda ɗaya gare ta a ƙarshe, kuma in ka duba ɗigon samfuri mai rai za ka ga tana harbawa kamar kibiya. Fimbiriya gajerun gasu ne na maƙalewa; da su E. coli ke kama bangon mafitsara fitsari ya kasa wanke ta. Akwai kuma filas, bututun da bakteriya biyu ke haɗuwa da shi.

Ta wannan haɗuwa filasmid ke wucewa, wato ƙaramin zoben DNA na daban da babban kundin. A kansa sau da yawa ake samun dabarar jure magani, kuma bakteriya na iya miƙa ta ga maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba. In na ga ana sayar da kafso biyu na amoksisilin a kan tire a tasha, ko ana zuba tetirasaikilin a ruwan kaji kullum ba ciwo ba komai, wannan zoben nake tunawa. Masu rauni sun mutu, masu laya sun rage, kuma suna raba layar kyauta.

A ciki akwai raibozom, masaƙar furotin. Na bakteriya ana kiransa 70S, namu 80S. Ka riƙe wannan da bangon ɗazu, domin su ne amsar tambayar da ta fi kowacce: yaya magani ke kashe bakteriya ya bar mutum? Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, da amoksisilin da seftirayazon, saƙar feftidogilaikan suke hanawa, mu kuwa ba mu da ita. Jentamaisin da tetirasaikilin da eritiromaisin raibozom 70S suke toshewa. Sifurofuloksasin yana tsayar da injin da ke warware DNA ɗinta. Bairos ba shi da bango, ba shi da raibozom, don haka mai mura da ya sha amoksisilin ya harbi iska. Mycoplasma ma, duk da bakteriya ce, ba ta da bango, fenisilin ba ya samun abin kamawa.

Mataki na shida: lissafin haihuwa da maganar sifo

Bakteriya rabuwa biyu take yi. E. coli, in ta samu abinci da ɗumi, kowane minti 20. Yi lissafin da kanka: awa 8 rabuwa 24 ke nan, ɗaya ta zama 16,777,216. Ta tarin fuka kuwa tana ɗaukar awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya, kuma wannan nawa na cikin dalilan da ke sa shukarta ɗaukar makonni, maganinta kuma wata shida.

Dangi biyu, Bacillus da Clostridium, suna da wata dabara. In wuya ta yi wuya, sai su naɗe DNA a cikin busasshiyar ƙwaya mai sulke, endosifo, su kwanta shekaru. Ba haihuwa ba ce, ɗaya ce ta shiga, ɗaya za ta fito. A rinin Gram sifo ba ya ɗaukar launi, za ka gan shi kamar farin rami a jikin sanda. Na Clostridium tetani a ƙarshe yake, ya kumbura, sandar ta yi kama da muciya mai kai. Yana cikin ƙasa da kashin dabbobi, shi ya sa saran fartanya a gona ko yanke cibiya da tsohuwar reza ke jawo ciwon sarƙe-haƙora. Tsatsa ba ita ce cutar ba, ƙasar da ke jikin ƙarfen ce.

Mu da muke ƙasar shinkafa, Bacillus cereus ya fi kusa da mu. Sifonsa na cikin ɗanyar shinkafa, kuma dahuwa ba ta kashe shi. In tukunya ta kwana a rufe cikin zafin Afrilu, sai ya farka ya hayayyafa ya zuba guba mai sa amai, gubar kuma ɗumame ba ya lalata ta. Ɗan'uwansa Bacillus subtilis shi ne mai nunar da daddawa, gida ɗaya hali daban.

Saboda sifo ne tafasa almakashi a ruwa ba ya wadatarwa. Ruwa a digiri 100 yake tsayawa. Tukunyar otokilab tana matse tururi ya kai digiri 121, a riƙe shi minti 15, kuma lissafin mintunan daga lokacin da allurar ma'aunin tukunyar ta kai yake farawa, ba daga kunna wuta ba. In lantarki ya ɗauke a minti na tara, daga farko za ka sake.

Kafin ka tashi daga teburi, jefa gilasan da tsinken a ruwan bilic, ka wanke hannu da sabulu. Zana abin da ka gani a littafinka da fensir, ka rubuta samfuri, rini, girma, launi, siffa da zama. Goge man da ke kan lamba 100 da takardar tabarau, ban da gefen riga, ka duba ko ya shafi lamba 40, domin in ya bushe a kanta gobe hazo kawai za ka gani. In lokacin hunturu ne, ka rufe madubin da rigarsa ko da fita salla kawai za ka yi.